Hayaƙin Banda da Masu Gadin Huhu

A labarin ga ni ne wawan, gara in faɗa da bakina kafin tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta riga ni.

Ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, tun muna samari muke bandar kifi bakin madatsar Goronyo. Murhu ɗaya munka zamna, hayaƙi ɗaya munka sha, idonmu kullum jajir. Da girma ya kama mu munka raba aiki: yau ni ga hayaƙi shi ga saye da sayarwa a inuwa, gobe mu juya. Sai dai ni ranar hayaƙina yawanci takan zo daidai da wata jana'iza ko wani suna a Wurno.

Can sai tari ya kama shi, irin wanda ba ya tafiya. Daga gida zuwa masallaci sai ya dafa bango ya huta. In ya yi numfashi kana jin shi kamar ana hura zugazugi. Ni ko garau nike. Tun da na taɓa boko, ko da ban kai ƙarshen firamare ba, sai na naɗa kaina likita. Nic ce asirin lafiyata tafarnuwa ce, wadda nike taunawa kowace safiya. Na ɗora shi kanta. Bawan Allah ya ci tafarnuwa har jikokinai sunka daina hawa cinyarsa, tarin na nan inda yake.

Da abin ya tsananta munka hau mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ta sa ya hura wani bututu, ta duba hoton ƙirjinsa. Ni kuma na gyara hula, nic ce, "Likita, hayaƙi ɗaya munka sha. Mi ya hana ni tari, in ba tafarnuwa ba?"

Ta yi murmushi. Tac ce, "Baba, cikin huhun kowa akwai wasu ƙananan abubuwa kamar masu gadi, su ke gane abin da zai cuci jiki. Gadonsu ake yi wurin iyaye, amma rabon kowa daban, ko ciki ɗaya kunka fito. Na wani kan tashi da faɗa fiye da kima har su ɓata gidan da suke tsaro. Mai yiwuwa shi ya bambanta ku. Abin da na tabbata, in bai bar hayaƙi ba numfashin zai ci gaba da raguwa."

Ƙanena ya miƙe munka fito. A mota ya jingina kai da taga, can yac ce mini a hankali, "Yaya, in na bar banda, mi zan yi?" Ni ko ina can ina shirya laccar da zan yi a gida.

Muna isa gida na tara mutane tsakar gida, na yi bayanin masu gadi dalla-dalla. Nic ce nawa sojoji ne, irin na wajen babanmu, hayaƙi ko kusa da su ba ya zuwa. Har na bugi ƙirji.

Tsohuwata na miƙa wa ƙanena kunu, ko juyowa ba ta yi ba. Tac ce, "To madalla, Malam. Tun da kai ad da sojoji, daga gobe kai za ka zamna bakin murhu kullum, shi ya koma inuwa. Jana'izar Wurno kuwa, shi zai riƙa wakiltarka."