Farin Makunni a Motar Baba

Ranar kasuwar Achida ce, cikin zafin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, motar Baba ta tafasa a bakin tasha. Tururi yana ta fita ta gaba, buhunan albasa a baya, ni kuma ina kujerar gaba rungume da kwanon fura. Aka tura ta wurin Oga Bitrus, wani mutumin Zuru mai gyaran wayar mota. Ya leƙa, ya ce abin da ke tayar da fankar lagireto idan inji ya yi zafi ne ya mutu, sabo kuma sai Sakkwato. Baba ya ce albasa ba ta jira. Sai Oga Bitrus ya shiga shago ya ciro farin makunni, irin na bangon ɗaki, ya jawo waya daga batir, ya bi da ita ta fis, ya haɗa da fankar. Wayar ta gaza, ba ta kai wajen sitiyari ba, sai ya ɗaure makunnin a ɓoye can ƙasa, daidai gwiwar fasinjan gaba. Daidai gwiwata. Baba ya dube ni ya ce, "To Hadiza, kin samu aiki. In allurar zahin inji ta wuce tsaka, danna. In mun tsaya, kashe. Kak ki jira in hwaɗa maki."

Kwana tara ke nan da abin da ya sa nake wannan rubutu, to amma bari in bi a hankali.

Daga ranar nan duk Asabar da hutun makaranta kujerar gaba tawa ce. Da sassafe zan share tsakar gida, in ba awaki dusa, in ɗebo ruwa a rijiya in cika jarkar lagireto, sannan in ruga in zauna kafin yayyena su farga. Mu bi ta Rara, mu ɗauki albasa a fadamar Wurno, wani lokaci har Goronyo. Idona ba ya barin allurar nan. Da na danna sai in ji fankar ta ɗauka, wuuu, motar ta ɗan girgiza, Baba ya gyaɗa kai ba tare da ya dube ni ba. A makaranta kuwa na manna marfin kwalba da laka a jikin dalbejiya, muna jera duwatsu mu yi mota, kowa yana faɗan zama direba, ni dai a bar ni da fanka. Sau ɗaya na yi ɓarna. Baba ya shiga masallacin Juma'a a Wurno, na hango mai rake, na fita na bar fankar tana juyawa. Kafin a sallame batir ya mutu. Dattawa da manyan riguna suka rinƙa tura mota cikin rana, ina kuka. Bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi, "Rake ya yi daɗi dai ko, direban hwanka?"

Shekara uku ke nan da rasuwar Baba. Tun daga lokacin motar tana ƙarƙashin rumfa a ƙauyenmu, bayan Maikujera. Kawu Sani, ƙanen Inna, yakan tayar da ita don kada batir ya kwanta, amma bai taɓa yin nisa da ita ba, bai kuma san da makunnin ba.

Ranar da na ce, kwana tara da suka wuce, bayan azahar aka yi ihu cewa masu bindiga sun shigo ƙauyen da ke kusa da mu a kan babura. Muka cusu cikin motar, mu da maƙwabta, wasu bisa cinyar wasu. Aka sa Gwaggo Asabe, tsohuwar maƙwabciyarmu, a gaba da ƙunshin kayanta, ni ina can baya. Mun yi nisa cikin yashi sai na ji warin zafin injin nan da na sani tun ina ƙarama. Na leƙa ta kafaɗar Kawu, allura ta shiga ja. Ya ce dole ya tsaya ta huce. Inna ta ce, "Mi? Nan cikin daji? Sani, ba ka jin babura?" Ina jin su nima, can baya. Ban san lokacin da na haye kan mutane ba, na kifa bisa cinyar Gwaggo, tana faɗin "Ke ɗiyar ga, mi kike biɗa?" Na tura hannu ƙarƙashin ƙunshin, na lalubo shi, na danna. Shiru. Sai kuma wuuu. Allura ta fara sauka a hankali, Kawu bai ɗaga ƙafa ba har Achida.

Da muka tsaya a bakin tasha kowa ya zube ƙasa yana salati. Ni na koma na kashe makunnin tukuna, sannan kuka ya zo.

Yanzu muna zaune a ɗaki ɗaya gidan wata 'yar'uwar Inna, gero yana can gona ba mai yanka. Da, in na hau hanyar nan, abin tsorona duka bai wuce allura guda da batir ba, ga Baba a gefena, ga warin albasa. Jiya na shiga motar na zauna a gaba ni kaɗai, gwiwata ta wuce makunnin nesa. Na juya dama da hagu, ina son wanda zai gyaɗa mini kai.