Yatsun da Siminti Ya Cinye

Damina ta yanke mana a shekarar nan tun gero bai yi ido ba, ga ta bara ma ba ta bar komai a rumbu ba. Ƙauyenmu yana kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni. A gidanmu akwai ni da maigidana da yaranmu, sai mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna. Kafin kaka ta wuce mun fara haɗa tuwo da tafasa, ganyen ya fi garin yawa.

Sai mai unguwa ya yi shela cewa masu agaji sun sauka a Isa, za su rubuta gidaje domin rabon hatsi, amma magidanta kaɗai ake so. Na bi maigida ne don zan kai Inna asibiti, muka biya ta makarantar da suka zauna. A kan tebur akwai kwamfuta, a gefenta wani ɗan akwati mai gilashi a sama, bai kai tafin hannu ba. Wanda ke zaune a wurin dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta gabas. Bai da faɗa. Da ya ga mutane suna ɗari-ɗari, sai ya ɗaga hannunsa ya nuna.

"Kowa da zanen da Allah ya yi masa a yatsa," in ji shi. "Ko tagwaye nasu ba ya zama ɗaya. Wannan na'ura tana duba inda layi ya tsaya da inda ya rabu biyu, ta adana. Ranar rabo in ka ɗora yatsa, sai ta gwada da wanda ta ajiye. In sun dace, buhunka ne, ba wanda ya isa ya karɓa da sunanka."

Na yi murna da jin haka. A rabon da aka taɓa yi a baya, har mutanen da muka yi wa zaman makoki an karɓi hatsi da sunansu, mu masu rai muka dawo da buhu a naɗe. Na ce yanzu dai an kawo abin da ba ya jin kunyar babban mutum. Maigida ya ɗora yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, fitila ta yi kore, aka ɗauki hotonsa aka ba shi kati.

Daga nan shiru. Sanyi ya shigo ya fita ba a ga mota ba. Mazan gari suka fara ficewa cin rani, maigida ya daure har ya kasa, ya bi wani ɗan'uwansa zuwa Kudu, inda ya samu aiki a gidan bulo. Ya bar mini katin. Abin da yake aikowa kaɗan ne, amma yana riƙe mu.

Sai da zafin bazara ya kama sannan motocin hatsi suka iso. Na ɗauki katin na shiga layi tun da safe, rana ta raba tsakiya kafin in kai gaban tebur. Dattijon nan ne dai. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Ina mai shi?"

"Yana cin rani. Ni ce matarsa."

"Na yarda ke ce. Amma yatsansa ne mabuɗi."

Na ce ya gwada nawa mana. Don ya kawar mini da shakka ya bar ni na ɗora. Fitila ta yi ja. Ban kasance ni kaɗai ba, kusan rabin layin mata ne masu riƙe da katin mazajen da ba sa gari. Ya ce za su ɗan jima a Isa, duk wadda za ta iya ta kira mijinta.

Na kira shi a waya. Ya ce, "In na taho, mai gidan bulo ba ya jira na. Akwai mutane bakin ƙofa kullum masu neman wurin."

Na ce masa buhu ne cikakke, kuma an ce za a riƙa bayarwa har damina ta faɗi. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Taho. Ɗiyanka sun fara kwana da yunwa."

Abin da ya tara zai aiko mana, shi ya zuba a kuɗin mota.

Ranar da ya iso, ina zuba masa ruwan wanke hannu na ga tafukansa. Sun yi fari-fari, sun yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, gaɓoɓin sun tsattsage. Da ya kai hannu ga tuwo sai ya janye, ya ce zafi na shiga masa har ƙashi. Ya ce siminti ne, kowa a wurin haka hannunsa yake. Na shafa masa man kaɗe. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari muka tafi Isa tare, mai unguwa ma yana wurin. Maigida ya gaishe da dattijon, ya miƙa kati, ya ɗora babban yatsa. Ja. Dattijon ya goge gilashin da gefen rigarsa ya ce a sake. Ja. Ya ce ya shafa yatsan a goshi ya ɗan samu maiƙo. Ya shafa. Aka gwada manuniya, aka gwada na tsakiya, aka bi hannun dama duka aka koma hagu. Na leƙa fuskar kwamfutar. A gefe ɗaya ga zanen da aka ɗauka da kaka, layi-layi kamar kunyoyin gona. A ɗaya gefen ga na yau, baƙin tabo kawai da tsagu a tsakiya.

Dattijon ya kama hannun ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Aikin siminti ka yi?"

"Shi na yi."

"Ya cinye zanen. Babu abin da za ta karanta."

Mai unguwa ya matso ya ce, "Malam, wanga mutum gabana anka haife shi. Ni na raka ubansa kushewa. Ga hotonsa nan ga kati, ga shi tsaye. Mi kuma ake nema?"

"Wallahi na san shi ne," in ji dattijon. "Amma ba ni ke buɗe rabon ba. In ba ta yi kore ba, sunansa ba ya fita. Akwai irin wadda ke duba ƙwayar ido, ba a ba mu ita ba. Zan kai maganar Sakkwato."

Daga can bayan layi wani ya ɗaga murya ya ce a ba mutane wuri, rana na yi. Maigida ya waiwaya. Wanda ya yi maganar maƙwabcin gonarmu ne. Maigida ya ɗauki katinsa ya fita, yana riƙe da hannayensa a gaba kamar ba nasa ba.

Dattijon ya biyo mu har bakin ƙofa. Ya ce fatar yatsa tana sake tsirowa da zanenta na asali in ciwon bai yi zurfi ba, sai dai a huta da aiki a ba ta lokaci. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani. Amma maganar nan ita ta fi komai cutar da mu. Mutumin da bai taɓa wuni a zaune ba ya koma zaman zaure, ba ya taɓa fartanya, ba ya saran itace, ko guga ba ya ja, yana tattalin yatsu. Ni ke fita daji da yara muna tsinko anza, mu jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Shi kuwa kowace safiya sai ya fito haske ya karkata yatsa yana duba ko layi ya ɓullo. Inna ta fara cewa ta ƙoshi tun ba ta taɓa kwano ba.

Maigida ya koma Isa ya sake gwadawa, na'urar ba ta karɓa ba. Daga Sakkwato ba a ce komai ba. Ranar da ya je na ƙarshe na bi shi, muka tarar ana kwashe tebura. Buhunan da ba a karɓa ba ana mayar da su cikin mota. Na tsaya ina kallon ’yan dako suna jefa su, ɗaya a cikinsu namu ne, ban san wanne ba. Dattijon ya gan mu ya sunkuyar da kai ya shiga gaban mota.

A makon nan muka daka irin shuka.

Zanen ya dawo, kamar yadda aka faɗa. Ya dawo sarai bayan ruwan farko, lokacin da babu na'ura a Isa, babu iri a gidanmu, kuma wurinsa a gidan bulo an daɗe da ba wani. Ya yi ƙodago a gonakin mutane, tamu ta yi ciyawa. Bai ƙara zama a majalisa ba. Da kaka ta zo ya ɗaure kayansa, wannan karon zuwa wurin haƙar zinariya.

Ina sa masa ƙuli-ƙuli a jaka ya ce, "In masu agaji sunka dawo, ki sa naki yatsa."

Na ce, "Magidanta suke rubutawa."

"Ki ce masu ba ki da miji."

Na ce, "Saki ne?"

"Allah shi kiyaye. Ba saki ba ne. Za ni dawo. Ki dai faɗa masu haka."

Sun dawo kuwa, domin daminar da ta biyo ma ba ta yi kirki ba. Wata mata ce zaune a bakin teburin. Ta tambaye ni ina maigidan, na ce babu. Mai unguwa yana zaune a gefe, ya kawar da kai yana jan carbi. Ta rubuta ni a cikin zawarawa, ta ce in miƙo hannu, na miƙa.