Tela Mai Awon Numfashi

A layin masu shaguna, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da fenti, akwai wani tela da Allah bai yi masa zama wuri ɗaya ba. Ko a zaune yake ƙafarsa na rawa. In ka kai masa ɗinki sai ka tafi da haƙurinka, don yana iya ɗora maka tef a kafaɗa ya tsaya cak, bakinsa na motsi, kai kuwa ka baje hannuwa kana jira har su yi tsami. Baƙo sai ya ɗauka mutumin na da taɓin hankali. 'Yan layin kuwa sun san baiti ne ya faɗo masa, sai su ce da baƙon ya sauke hannunsa ya huta.

Wasan kwaikwayo Tela yake rubutawa, kuma duk abin da za a faɗa a cikin wasansa a waƙe yake. Mai neman ruwan sha da baiti zai nema, mai zagi ma sai zaginsa ya zo da amsa-amo. A wajen ubangidansa da ya koya masa ɗinki ya kwaso wannan cuta, don tsohon ba ya taka keke sai yana rera wani abu. Shi ma Tela a kan keken ɗinki yake samun karin waƙarsa. Ya taka, ya taka, in ɗangon waƙa ya zauna daidai da bugun ƙafarsa sai ya zabura ya rubuta shi da alli a kan duk abin da ke kusa. An taɓa yin wani bawan Allah da ya tafi gida da rabin fitowa ta biyu ta wani wasa rubuce a cikin wandonsa, sai da Tela ya bi shi har ƙofar gida yana roƙon kada a wanke.

"Baban yara," in ji matarsa ran nan, "ni dai ban san wanda na aura ba, tela ko mahaukaci."

"Duka biyun aka ɗaura miki," in ji shi.

'Yan wasan nasa ba wasu ba ne, mutanen unguwa ne: wata malamar firamare, da direban bas, da ma'aikaciyar asibiti, da masu shago biyu-uku. Sukan ari ɗakin taron makaranta su yi gwaji bayan an tashi yara, in wasa ya nuna a tara jama'a da yamma. Amma kowa ya san dalilin cikar ɗakin nan, wato Tsawa. Shi ne abokin Tela tun suna yawo ba wando, ƙato mai faɗin ƙirji, ma'aikacin gidan burodi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tanda. In ya buɗe baki a dandamali har tagogi sai sun amsa.

To, Tela yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko daga sana'arsa: ba ya yi wa kowa baiti sai ya auna shi. Sabon ɗan wasa zai tsaya a tsakiyar shago, ya ja numfashi, ya yi ta magana har iskar ta ƙare, Tela na lissafa gaɓoɓin da yatsu. Iya abin da ƙirjinka ya ɗauka, iya tsawon ɗangon da za a yanka ke nan, don a wajensa jan numfashi a tsakiyar ɗango abin kunya ne, daidai yake da wando ya yage a kasuwa. Tsawa sau ɗaya aka taɓa auna shi, suna samari. Yatsun hannu suka ƙare, aka sake zagayowa suka ƙare, mutumin bai ko lumshe ido ba. Daga ranar Tela ya saki jiki yana zuba masa dogayen ɗangogi, shekara da shekaru, bai ƙara tunanin awo ba.

Hayaƙin tanda kuwa ba ya yafe wa kowa. Tari ya fara, aka ce mura ce. Mura ta ƙi tafiya. Mai gidan burodi ya ɗauke Tsawa daga bakin wuta ya ba shi kujera a bakin ƙofa, wai ya riƙa lura da masu shiga da fita. Ƙato kamar wannan, a ce ya koma gadin ƙofar da ba mai sata! Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, amma Tela ya san abin na cin ransa, ya kuma san dandamalin nan ne kaɗai wurin da ya rage wa abokinsa inda har yanzu shi Tsawa ne.

Ana haka Tela ya gama sabon wasa, labarin wani tsohon alƙali da aka kawo ƙaninsa gabansa. Tsawa ne alƙalin, wa kuma? Ranar gwajin farko ya miƙe da takarda a hannu ya ɗauko babban jawabin:

"Na zauna bisa kujerar nan tun gemuna bai yi furfura ba,
Ban taɓa sayar da gaskiya don ɗan'uwa ko don tsoro ba."

Haka aka rubuta. Amma bai kai ga gemun ba ya tsaya. Ya kawo takardar kusa da ido, ya tsuke fuska, ya ce, "Kai mutumina, wannan rubutu naka kamar kaza ta yi tonon ƙasa." Aka yi dariya, Tela ma ya yi. Sai dai fa ya ga yadda kafaɗun mutumin ke ɗagawa suna sauka, kuma ya san ba rubutu ba ne.

Daga ranar Tela bai ƙara samun sukuni ba. Ya shiga shago, ya fita, ya leƙa mai fenti ba tare da yana da abin faɗa ba, ya dawo. Ya ɗinke wa wani hannun riga a bai-bai. A gida ya zauna gaban abinci yana ƙwanƙwasa cokali a bakin kwano har matarsa ta ƙwace.

"Ka faɗa masa mana," ta ce. "Abokinka ne fa, ba surukinka ba."

"In ce masa me? In ce zo in sake auna ka, ka ƙare?"

"To ka zauna kana cinye mini kwano."

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mai tsoro. Kullum da hantsi Tsawa yakan biyo ta shago su taɓa hira. Tela ya riƙa jansa da zance, ya tambaye shi labarin da ya san zai yi tsawo, shi kuwa hannunsa na ƙarƙashin teburin yanka yana lissafi. Daga numfashi zuwa numfashi, gaɓa takwas, wani lokaci tara in an yi sa'a. Ya hau keke ya soma rage wa alƙali jawabi:

"Na tsufa kan kujerar nan,
Gaskiya na riƙe a nan."

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Wasan waƙa kari ɗaya yake bi, ba yadda za a yi alƙali na tafiya da gajerun ɗangogi sauran jama'a na jan dogaye, ai ko kurma ya gane da wa ake. Saboda haka Tela ya bi wasan nan kaf, tun daga ƙanin alƙali har mai shara, ya datse kowa. Ya rame a kan aikin nan, wallahi. Ya kai wa 'yan wasa ya ce sabon salo ne.

Malama ta karanta nata ta ɗago kai. "Malam Tela, wannan ai waƙar tsallen igiya ce, irin ta 'yan ajina. Ina baitocina masu kyau?"

"Zamani ne ya zo da haka, Malama. Mutane yanzu ba su da haƙurin dogon zance."

Direba ya ce shi gaba ta kai shi, dama haddar na wahalar da shi. Tsawa ya ɗauki takardarsa. Ya karanta nasa tiryan-tiryan ba tuntuɓe, ya ninke takarda ya sa a aljihu, Tela ya yi ajiyar zuciya yana ganin ya tsallake.

Ya manta da madubi. A shagon akwai dogon madubin da masu gwada kaya ke dubawa, an jingine shi a bango ta bayan teburin. Wata safiya Tsawa na ba da labarin rigimar da aka yi a gidan burodi, sai ya yi shiru a tsakiyar magana. Tela ya ɗago. Idon Tsawa na kan madubin, a cikin madubin kuwa ga hannun Tela a ƙarƙashin tebur, yatsu a tanƙware, an kama su dumu-dumu.

"Tun yaushe?" in ji Tsawa.

"Me fa?"

"Kada ka mai da ni yaro. Tun yaushe kake auna ni kamar gawa?"

Tela ya janye hannunsa daga ƙarƙashin tebur. Mutumin da ke sa alƙalai da ɓarayi magana a waƙe, ga shi ko a zube ya kasa haɗa kalma biyu.

"Ka sa Malama tsallen igiya saboda ni. Kowa ya sani ke nan, ni kaɗai ne wawa."

"Ba wanda ya sani, na rantse."

"To ka mayar da wasa yadda yake. In ba haka ba ka nemi wani alƙalin." Ya tsaya ya nemi iska, abin da ya ƙara ba shi haushi. "Ni ba a rage mini riga a bayan idona."

Gaba kura, baya sayaki. In ya mayar, abokinsa zai sarƙe a gaban jama'a. In ya ƙi, ya rasa shi gaba ɗaya. Tela ya yi ta safa da marwa tsakanin keke da ƙofa har mai rediyo ya leƙo ya tambaya ko wani abu ya ɓata. Daga ƙarshe ya mayar. 'Yan wasa suka yi ta gunaguni, direba ya ce shi kam an mai da kansa tasha, wannan ya shiga wannan ya fita. A wajen gwaji Tsawa ya riƙa karanta nasa ƙasa-ƙasa, wai yana tanadin murya.

Ranar wasa ɗaki ya cika har tagogi. Tela na bayan labule da takarda, inda ya saba tsayawa. Ƙa'idarsu ita ce ba ya raɗa wa ɗan wasa komai sai in ya ga ya taɓa kunne, alamar ya manta. Aka zo babban jawabi. Tsawa ya miƙe cikin rigar alƙali, ya ja iska, ya saki muryar nan, kuma na rantse maka farkonta Tsawan da ne sak, har wata tsohuwa a gaba ta dafe ƙirji.

"Na zauna bisa kujerar nan tun..."

Shi ke nan. Bakin a buɗe, ba abin da ke fita. Ɗaki ya yi tsit, ana jin yadda iska ke shiga ƙirjinsa da ƙyar tana fito. Bai taɓa kunne ba. Tela ya gani sarai bai taɓa ba, amma tsoro ya riga hankali, sai ya ji bakinsa na raɗawa, "Gemuna! Tun gemuna!" Ya sake, da ƙarfi, har layin gaba suka ji. Tsawa ya juyo ya dube shi ta gefen labule, kallo ɗaya, Tela ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin bai manta ko wasali ɗaya ba, abin da ya rasa kuwa ba a raɗa wa mutum shi.

Ya ƙarasa jawabin, gutsure-gutsure, kalma uku ya huta, kalma biyu ya huta. Ba wanda ya yi dariya. Da ma dariyar aka yi! Wata mata ce can baya ta ce, "Allah sarki," a fili, kowa ya ji. An yi tafi da aka tashi, tafi mai yawa ma, irin wanda ake yi wa marar lafiya in ya iya tashi zaune. Tsawa ya tuɓe rigar alƙali ya ninke ta a kan benci ya fita ta ƙofar baya.

Hantsi ya yi ta zuwa yana wucewa ba Tsawa. Tela ya bi ta gaban gidan burodi ya fi a ƙirga, ya hango shi a kujerarsa, ya kasa ƙarasawa, ya yi kamar zare ya fito saya. Keke ya ƙi ba shi ko ɗango ɗaya. Ya ce da matarsa ya bar wasa har abada, ta ce ta ji, ya dai ci abinci tukuna.

Sai wata safiya yana guga ya ji an tare hasken ƙofa. Tsawa ne. Bai yi zancen wasa ba, bai zauna a bencin da ya saba ba. Ya wuce tsakiyar shago ya tsaya, ya gyara tsayuwa.

"Auna ni," ya ce. "Amma ɗaga hannun sama, in gani da idona."

Tela ya ajiye dutsen guga. Ya ɗaga hannuwansa biyu. Tsawa ya ja numfashi iya ƙarfinsa.

"Na zauna bisa kuje..."

Suka tsaya su biyu suna kallon yatsun.

"Nawa?"

"Kana gani ai."

"Faɗa da bakinka."

"Bakwai," in ji Tela.

"Wanda ka yanka mini a ɓoye fa?"

"Takwas."

Tsawa ya yi dariya, dariyar ta zama tari, ya dafa teburin yanka har ta lafa. Tela ya miƙa masa ruwa, ya ture kofin.

"Ashe ko a ɓoyen ma ka yi mini ƙarin yadi," ya ce. Ya jawo benci ya zauna, ya nuna keken da haɓa. "To hau ka yanka mini na bakwai. Ka kuma yi sauri, mutumina, kafin ya koma shida."