Kan Katanga

Ɗakin Inna jingine yake da katangar da ta raba gidanmu da gidan Baffa, ƙanin mahaifinmu. Katangar ƙasa ce, mai kauri, ita ce kuma bangon bayan ɗakin. A ɗakin nan aka kai Inna tana amarya, a nan ta haife mu duka, ba ta taɓa zama a wani ɗakin ba a garin Gaya.

Kowace bazara gidajen biyu sukan yi yaɓe. Mu mu yaɓe fuskarmu, su su yaɓe tasu. Saman katangar kuwa, inda ruwan sama ke fara sauka, Baba ne ke hawa ya yi. Duk wanda ya hau can yana ganin tsakar gidan Baffa gaba ɗaya, har madafa da bayan ɗakuna. Shi Baba wannan bai taɓa zama masa matsala ba, domin gidan ƙaninsa ne. Sai ya jingina tsani ya ɗaga murya, "Zan hau," matan can su ja mayafi ko su shiga ɗaki, ya gama aikinsa ya sauko.

Shekarar da ya rasu aikin ya faɗo kaina. Yayana yana Ajingi da harkar hatsinsa, ni ne a gari. Na sa aka kawo ƙasa a amalanke, aka jiƙa ta, aka tattake da ciyawa, na samo makuba don yaɓen ya jure ruwa. Muka yaɓe fuskarmu sumul. Su ma 'ya'yan Baffa suka yi tasu. Saura sama.

Ni ba Baba ba ne. A gidan can akwai matan 'ya'yan Baffa, ba zan hau in leƙa su ba sai da izini. Su ma 'ya'yan nasa ba za su hau su leƙa gidan da Inna ke takaba ba. Don haka na je zaure na durƙusa na gaida Baffa, na faɗa masa.

Ya ce, "Gaskiyarka. Amma ka bari yayanka ya zo, a tsayar da rana. Ba a yin irin wannan babu babba."

Na kira Yaya. Ya ce ranar kasuwa ba za ta yiwu ba, sai bayanta. Da ya zo, Baffa ya tafi gaisuwar mutuwa Kademi. Da Baffa ya dawo, Yaya ya bi mota zuwa Kano. Haka na yi ta zirga-zirga a kan babur tsakanin mutum biyu da kowannensu ya yarda aikin ya zama dole. Babu wanda ya ce a'a ko sau ɗaya. Kowa "Allah ya kai mu" yake ce mini. Ƙasar da na kwaɓa ta bushe a tsakar gida, awaki suka mayar da ita wurin kwanciya.

Ranar da na samu suka haɗu, aka sa Asabar. Ranar Alhamis matar babban ɗan Baffa ta haihu.

Wurin wankan jegonta a gindin katangar nan aka yi shi, don nan ne lungun da ya fi sutura a gidan. Safe da yamma ana dafa ruwa, muna ganin tururi yana tasowa ta sama, muna jin ƙarar ganye. Babu ma wanda ya aiko ya ce an fasa Asabar, kowa ya sani. Ni ma ban tambaya ba. Da wane baki zan ce a ɗaga maijego daga wurin wankanta don zan hau katanga?

Duk da haka bayan suna na gwada. Na ce da Baffa ko da hantsi ne, tsakanin wankan safe da na yamma, awa biyu sun ishe ni. Ya dube ni kamar na yi ashar a masallaci.

"Kai yaro, arba'in ɗin nawa take? Katangar nan ta girme ka."

Na ce haka ne, Baffa. Na tashi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Na farko bai nuna komai ba. Bayan na uku, wani baƙin tabo ya fito a bangon ɗakin Inna daga can sama, ya riƙa saukowa a hankali. Na jefa leda ta kan katangar daga ƙasa na danne bakinta da dutse, iska ta ɗauke ta ta jefa gidan Baffa, aka aiko yarinya ta dawo mana da ita a ninke. Na karɓa na yi godiya.

Ban yi fushi ba. Na so in yi, na nema a raina ban samu ba. Tun rasuwar Baba nake haka, abu ya faru in tsaya ina kallonsa. Kullum da safe nakan shiga gaida Inna, in dubi tabon, in ga ya ƙaru, in fita in tafi aiki.

Da ɗakin ya fara warin danshi, Inna kuma tana tari, ta riga ta fita takaba, sai Yaya ya zo da mota ya ce ta je Ajingi kafin a gyara. Ta ƙi, ta ce ita ba baƙuwar damina ba ce. Ni na lallashe ta. Na ce mako biyu ne kawai. Ta ɗauki kaya kala uku da carbinta, ta ce kada a taɓa mata jeren kwanukanta, ta kulle ƙofar da kanta.

Ranar da maijego ta yi arba'in, Baffa da kansa ya tako har ƙofar gidanmu. Ya ce an kwashe tukwane, mata sun shiga ɗaki, in hau bismillah. Har tsani ya sa aka kawo mini nasu, wai ya fi namu tsawo.

Na hau tare da wani magini da na kira. Na dafa saman katangar, hannuna ya nutse kamar a cikin tuwo. Wata tsaga ta bi tsakiyarta daga wannan kusurwa zuwa waccan, fuskokin biyu da muka yaɓe suna tsaye lafiya lau, cikin ya zama taɓo. Magini ya zura sanda, ta shige duka. Ya ce azarar ɗakin a kan wannan take zaune, babu abin da za a yaɓa, sai dai a sauke ɗakin tun bai sauko da kansa ba. Daga can na ga tsakar gidan Baffa, an share ta tas, babu kowa.

Da yamma na kira wayar Yaya na ce a ba Inna.

Ta ce, "An hau?"

Na ce an hau. Na faɗa mata abin da magini ya ce, ban rage komai ba. 

Sannan ta ce, "Ka dai yi wa Baffanka godiya ko?"

Na ce na yi.