Bencin masu tari

Ina garka ina ba albasa ruwa ƙanena ya zo daga asibitin Badaguishiri ya ce an duba kakin Baba, tarin huka ne. Na ajiye guga, sai na tambaye shi ko ya ci abinci.

Majo, babban mai jinya a asibitin, ya ce ana warkewa idan an sha magani har ƙarshe. Ya ce ciwon a iska yake tafiya, don haka duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da Baba sai an gwada shi. Inna ke nan. Ta ce ba yanzu ba, sai Malam, wato Baba, ya samu sauƙi.

Kowace safiya nake kai shi a amalanke ya haɗiye maganin a gaban majo. Masu tari ba sa shiga cikin sauran marasa lafiya. An yi musu rumfa a waje, inda iska ke kaɗawa, da benci guda. Nan Baba ke zama, ƙyalle a baki da hanci. Mutumin da in ya riƙe hannunka sai ya tambayi gidanku duka, har awaki. Yanzu abokansa na kasuwa sai su ɗaga hannu daga bakin hanya su wuce.

Wata rana ya ce da majo, “Yaro, kun ba ni buro, ofis nawa ni kaɗai, saura albashi.”

Majo ya ce, “Baba, albashinka ga shi a tafin hannunka. Haɗiye.”

Ya haɗiye. Bai taɓa fashi ba. Amma ciwon ya riga ya ci jikinsa kafin mu kai shi, ya rasu kafin a cire albasa.

Bayan sadakar bakwai majo ya aiko a tuna mana da gwajin. Na je, na kai yarana, aka ce ba mu da shi. Inna ta ce za ta je ko'ina ban da wannan benci.

Na ce, “Inna, sai mu tsaya a tsaye.”

Ta ce, “Ai zan ga bencin.”

Majo ya ba ni ɗan gwangwanin roba, ya ce ta tofa a gida da safe in kawo. Na ajiye mata a kan taga, wadda har yau take bari a buɗe yadda aka ce. Da asuba ina jin tarinta ta bango, ƙarami ne, ba kullum ba.

Gwangwanin yana nan a kan taga. Ba a gwada Inna ba tukuna.