Shekarar da Direbobi Suka Yanke wa Babana Shinkafa

Shekarun baya, lokacin da manyan motoci ke jan layi tun daga bakin gada har su wuce kasuwa, ina da rumfar abinci kusa da filin da kamiyo, wato manyan motocin kaya, ke tsayawa a nan Gaya ta ƙasar Nijar. Wanda bai ga garin nan a waɗancan shekaru goma ba, in aka ba shi labari sai ya ce ƙari ake yi. Kaya na tasowa daga Kwatano, su ƙetaro gada, a sauke su a magaza, wato manyan ɗakunan ajiya, kafin ka farga sun bi ta Kamba sun shige Nijeriya. Shinkafar waje, dilolin bosho wato gwanjo, man girki, taliya. Ba mu muka noma ba, ba mu muka ɗinka ba, yawanci ma ba mu za mu ci ba, amma duk buhun da ya ratsa garin sai ya bar wa wani abin cefane.

Gari ya sake kama. Samarin ƙauyukan Tanda da Bana da namu na Tunuga suka jingine fartanya, masu hali suka sayi babur suna kabu-kabu, sauran suka shiga dako. Ƙannena maza biyu suna cikin masu babur. Gidajen ƙasa suka koma na siminti, kowa da wayar talho a hannu, biki kuwa in ba a kawo mai kiɗan lasifika ba sai a ce ba a yi ba. Ni ma ban tsira ba. In mahaifiyata ta aiko mini da shinkafar gida daga ƙauye, maƙwabta nake rabawa, wai tsakuwa gare ta, tsintarta na ɓata mini lalle. Ni da aka yaye da ita!

Abin bai faɗo mana rana ɗaya ba. Naira ce ta fara sanyi, masu saye daga can suka ga sefa ta yi musu tsada, suka rage zuwa. Muna cewa gobe za ta gyaru, sai kawai muka wayi gari an rufe iyaka ta ɓangaren Nijeriya. Magaza suka cika har baki, babu mai ɗauka. Maigidana, wanda ke bin takardun kaya a duwan, wato ofishin kwastan, ya koma zaman benci a ƙofar rumfata yana kora mini ƙuda. Ƙannena suka sayar da baburansu, ɗaya ya yi Yamai, ɗaya ya yi Kwatano neman abin yi.

Waɗanda abin ya fi ƙuntata wa su ne direbobi. Masu kaya suka ce kowa ya tsaya inda yake, babu wurin saukewa, kuɗin abinci ma aka daina aiko musu. Ga mutum zaune a inuwar motar da ke maƙare da shinkafa, an ɗaure ta da hatimin duwan, shi kuwa cikinsa na kuka. Na ci gaba da ɗora tukunya, don mutanen da suka yi shekaru suna ci a wurina ba zan iya kallonsu haka ba. Amma tukunyar kullum ƙanƙancewa take, har na fara tunanin kwance rumfar in sayar da kwanon rufinta.

Ana cikin haka, wata safiya mahaifiyata ta kira ni.

"Shinkafar fadama ta nuna," in ji ta, "har ta fara zuba. Ruwan kogi kuma yana hawowa. Babanki gwiwa ta hana shi sunkuyo."

Na ce, "Inna, a ɗauki ƴan ƙwadago mana."

"A ina? Duk kun kwashe su kun kai birni. Ƙauyen nan daga tsofaffi sai masu goyo. In ruwa ya riga mu, bana sai dai mu ci haƙuri."

Na ajiye talho na zauna a kan turmi. Ashe wani tsohon direba ɗan Damagaram, wanda kowa ke kira Baba, yana jin mu. Shi ne babba a filin, in rigima ta tashi shi ke raba ta.

Ya ce, "Hajiya, gonar da girma?"

Na ce, "Da girma, Baba. Me ya sa ka tambaya?"

Ya waiwaya ya dubi ƙartin da ke kwance a ƙarƙashin motoci, wasu na dara, wasu na barcin da ba na gajiya ba. Ya ce, "Ga hannuwa nan suna ruɓewa. Ke dai tambayi mahaifinki, in mun yanke zai ba mu abin da za mu ci?"

Dariya na fara yi, don na ɗauka wasa ne. Akwai wani ɗan Maradi mai tumbi, wanda ko hawa motarsa sai ya yi nishi, shi ya fara miƙewa. Ya ce shi ɗan manomi ne jikan manomi, a ba shi lauje kawai a ga aiki. Wani ɗan Togo mai gurguwar Hausa ya ce shi bai san lauje ba, amma in akwai abinci a wurin, da shi za a je.

Washegari aka bar wasu su yi gadin motoci, da sharaɗin za a riƙa canji. Mota ɗaya ce babu kaya a cikinta, aka tsiyayo mata man gazuwal daga nan da can, muka hau. Ni da tukwanena a gaba, maigidana a baya cikin ƙarti, sanye da takalmin zuwa ofis don ba shi da wani.

Da muka shiga ƙauye yara suka biyo mu da gudu, mata suka leƙo ta saman danga. Babana na zaune a ƙofar gida da sandarsa. Ya dubi mutanen da ke dirowa ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Ƴar nan, yaƙi kika kawo mini ko gayya?"

Ranar farko abin dariya ne. Ɗan Maradi, jikan manomi, ya shiga fadama da ƙarfinsa, taɓo ya riƙe shi har gwiwa, ya yi zaman daɓaro a ciki yana kiran sunan Allah. Sai da mutum uku suka ciro shi, wandonsa kuwa ya so ya zauna can. Takalmin maigidana ƙafa ɗaya har yau yana cikin fadamar nan. Mahaifiyata ta tsaya a kan kunya tana nuna musu yadda ake kama damƙi a ja lauje, tana cewa, "Fofo, fofo, sannunku, amma ba wuyan rago kuke yanka ba, a hankali!" Ni ma na ɗaura zane na shiga don in nuna musu ƴar gida ce, ban jima ba bayana ya ce bai san zancen ba. Na koma wurin murhu da mutuncina.

Kafin mako ya zagayo hannu ya faɗa. Wasu na yanka, wasu na ɗauko dammuna zuwa tudu, wasu na bugu a jikin duro, mata na sheƙa. Ɗan Togo ya zama gwanin bugu, yana yi yana waƙa da harshensu, tsofaffin matan ƙauye na amsa masa ba tare da sun san me suke cewa ba. Kowace safiya sai mu tarar ruwa ya ƙara matsowa, ya cinye gindin karan da aka yanke jiya. Gefen da ke can ƙasa ya riga mu, muna kallo ya nutse. Sauran kuwa kaf muka kwashe.

Da rana in an zauna cin abinci a gindin mangwaro, musu ake yi a kan abin da ya jawo mana wannan hali. Ɗan Maradi ya ce laifin naira ne, da ba ta faɗi ba da komai lafiya. Maigidana ya ce a'a, man fetur ne ya karye a kasuwar duniya, shi ya ja nairar ƙasa, su kuma can suka ga gara su ci abin da suka noma, suka rufe ƙofa. Baba direba ya ce shi shekara da shekaru yana ɗaukar kayan da ba a yi a ƙasarsa ba zuwa ƙasar da ba tasa ba, kuma kullum yana jin tsoron ranar da ɗaya daga cikinsu za ta ce ta gaji. Suka juya ga babana su ji ta bakinsa. Ya gama tauna lomarsa tukuna, ya ce, "Ni ban san naira ba. Na dai san tun da aka fara wannan arziki ban ƙara ganin saurayi a fadama ba sai bana. Ku ƙara miya."

Da muka gama tamu, maƙwabta suka zo roƙo, don su ma halin da suke ciki ke nan. Direbobi suka bi gona gona har kaka ta ƙare, kowane mai gona na auna musu rabonsu. Ranar komawa aka yi tuwon sabuwar shinkafa da miyar kifi, aka buga ƙwarya, ɗan Maradi ya yi rawar da ta sa wata tsohuwa ta ƙware don dariya. Muka dawo Gaya da buhunan shanshera a bayan mota. Da ita na riƙe rumfata, da ita filin nan ya ci har aka buɗe hanya, kowa ya kama gabansa. Tsakuwar ma na zauna na tsince ta da hannuna, ban mutu ba.

Kasuwa ta dawo daga baya, amma ba kamar da ba, kuma ni ban ƙara sakin jiki da ita ba. Na gane cewa arzikin da ke wucewa ta ƙofar gidanka baƙo ne, ka yi masa shimfiɗa, amma kada ka rushe rumbunka don ka faɗaɗa masa ɗaki. Ƙaramin ƙanena ya dawo daga Yamai, yanzu shi ke riƙe da fadamar, har ya sayi injin ban ruwa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, in na tuna shekarar da ta fi kowace tsanani a rayuwata, ba yunwar nake fara tunawa ba, dariyar nake tunawa.

Babana yana nan da ransa, gwiwar ce dai sai a hankali. Duk baƙon da ya zauna a ƙofar gidansa sai ya sha labarin shekarar da ya yi gayya da direbobin ƙasa da ƙasa, kuma kowace shekara ƙasashen ƙaruwa suke. Bara na ji shi yana gaya wa wani mai sayen albasa cewa har da Balarabe da mutumin Sin a cikinsu. Mahaifiyata ta buɗe baki za ta yi magana, na taɓa ta na ce, "Inna, bar shi. Gonarsa ce."