Doyar Ayya a Dutsen Taneka

Wata Alhamis ce cikin Agusta, shekarar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko, muka hau dutsen Taneka ni da kakata Ayya, ana yayyafi. Ita ta ɗauki kaskon suya, ni kwandon doya. Ina ta zamewa tana min tsiya, wai ƙafafun 'yan garinmu Jugu ba su san komai ba sai siminti. Tun tana budurwa take hawa can duk bikin sabuwar doya, tana soya wa 'yan kallo. Gurbinta na ƙarƙashin wata kuka dab da filin rawa, kuma wata tsohuwar garin, Nana, ita ke riƙe mata shi shekara da shekaru. Da yaren Dendi suke hira, inda kalma ta ƙare dariya ta cike.

A shekarar nan Ayya ta so ta burge. Maimakon tsohuwar doya da ta saba kaiwa, sai ta sayo sabuwa fil daga motar Paraku. Ta sha'afa cewa mutanen dutse ba sa yarda sabuwar doya ta taɓa wuta a garinsu sai dattijon da ke riƙe da al'adarsu ya fara ɗanɗanawa. Baƙon da ya karya wannan, shi da filin har abada.

Nana na buɗe kwandon ta ga ɗanyar ƙasa a jikin doyar. Ta waiga hagu da dama, ta cire mayafinta ta rufe, ta zauna a kai daram. Ayya ta ajiye kaskonta ta tsuguna a gefe. Ita kunya, ni tsoro.

Ganguna suka tashi. Samari suka fito jere da ƙaraurawa a ƙafa, suna dukan ƙasa har ina ji a cikina, mata na guɗa. Nana kuwa, wadda ta fi kowa son rawa a garin, ko motsi. Ƙawayenta suka zo jan hannunta, ta ce ƙugunta ke ciwo. Kafaɗunta kaɗai suka ƙi jin magana, suna ta bin kiɗa.

Sai la'asar dattijon ya ɗanɗana, gari ya ɗau sowa, amma makaɗa sun riga sun ajiye ganguna. Nana ta miƙe ta karkaɗe mayafinta.

"To Bahaushiya, hura wutarki," in ji ta. "Kin cinye min rawar bana, baɗi ke za ki raka ni fili."

Da baɗin ta zo muka hau, muka tarar an share mana gindin kukar, amma jikar Nana ce ta tarbe mu. Nana ta rasu da bazara.

Yanzu a Zongon Paraku nake zaune. Sabuwar doya na shigowa da wuri, kowa na ci, ba mai jiran kowa. Ni dai hannuna ba ya saurin kai mata. Sai in tuna tsohuwar nan a kan kwando, kafaɗunta na rawa.